Sharhina kan kwabon geocaching na tunawa da harin madatsun ruwan Jamus

Wata tara kenan da na saki kwabon nan ya shiga duniya, shi ya sa na ga yanzu zan iya faɗin yadda na same shi. Ga wanda bai san geocaching ba, wasa ne da ake ɓoye 'yan robobi ko gwangwanaye a gindin bishiya ko bayan katanga ko ƙarƙashin benci, a saka lambobin GPS na wajen a manhaja, kai kuma ka bi wayarka har ka gano shi, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki ka mayar yadda ka same shi. A Amurka aka fara a watan Mayun 2000. Wani dattijo maƙwabcinmu a nan Sheffield ne ya koya mana ni da yarona, yanzu duk Asabar in dai ba ruwan sama muna waje.

To a cikin wasan akwai kayan da ba a ajiyewa a gida, yawo suke yi daga maɓoya zuwa maɓoya, kowanne da lambarsa ta sirri a jiki. Wanda ya tsince shi zai shigar da lambar a manhaja ya nuna yana hannunsa, in ya ajiye a wata maɓoyar ya sake rubutawa, kai mai shi kana zaune kana ganin tafiyarsa a taswira. Nawa irin na kwabo ne, geocoin suke ce masa, fam 15 na saye shi har da kuɗin aikowa. Gaskiya a hannu ya burge ni, yana da nauyi, ba irin gwangwanin nan mai lanƙwashewa ba, gaba hoton jirgin yaƙi samfurin Lancaster ne yana tafiya dab da ruwa, baya kuma lambar 617 da kwanan wata, 16 zuwa 17 ga Mayu 1943.

Yarona ne ya fara tambaya, Baba mene ne 617 ɗin? Rundunar jiragen yaƙin Birtaniya ce da aka kafa musamman don wannan aikin, matashi ɗan shekara 24 mai suna Guy Gibson ya jagorance ta. A daren nan jirage 19 suka tashi daga sansanin Scampton a Lincolnshire da mutum 133, za su fasa madatsun ruwan da masana'antun yankin Ruhr na Jamus suka dogara da su. Jamusawa sun shimfiɗa raga cikin ruwa don tare makamai, sai injiniya Barnes Wallis ya ƙera bam mai siffar ganga, nauyinsa ya haura tan 4, ana juya shi da baya kafin a sake shi sai ya riƙa tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke wurga tsingaro a kududdufi, ya tsallake ragar ya daki bangon ya nutse sannan ya fashe. Kuma dole jirgin ya sauko ƙafa 60 kacal daga ruwa, cikin dare fa, ana harbinsa. Fitilu biyu suka ɗaura a ƙasan jirgin, in haskensu ya haɗu a kan ruwa to tsayin ya yi daidai. Madatsar Möhne da ta Eder sun fashe, ta Sorpe ta tsaya. Jirage 8 ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu, aka kama 3.

A madatsar Derwent muka sake shi, ba nisa daga nan, a can matuƙan suka yi atisaye saboda hasumiyoyinta sun yi kama da na Möhne. Mun tsaya a ƙasan bangon ranar ruwa na malalowa ta samansa, ƙarar ta cika kwarin har sai ka ɗaga murya, yaron ya riƙe kwabon a tafin hannunsa yana kallon hoton yana kallon hasumiyar. A wajen ne abin da ke damuna game da kwabon ya fito fili, na ce a raina yanzu in bangon nan ya buɗe da tsakar dare mutanen da ke ƙasa fa?

Don wannan shi ne babban ƙorafina. An buga 53 a bayan kwabon don tunawa da matuƙan, kuma sun cancanta, yawancinsu samari ne. Amma ko kalma ɗaya babu kan waɗanda ruwan ya ci, alhali ƙiyasin da aka fi kawowa kusan mutum 1,600 ne, kuma mafi yawansu ma ba Jamusawa ba ne, mutane ne da sojojin Hitila suka kwaso galibi daga ƙasashen Tarayyar Sobiyat ana sa su aikin dole, da yawa mata ne da ke kwance a sansani kusa da garin Neheim lokacin da ruwan ya iso. Duk wanda ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ya san ma'anar ruwa ya shigo wa mutane cikin dare. Kuma kafin shekarar ta ƙare Jamusawa sun gyara madatsun. Wallahi na so a ce wanda ya zana kwabon ya bar musu ko da layi guda ne.

Alhamdu lillahi akwai gurbin da mai kwabo ke rubuta burin tafiyarsa, a nan na cike giɓin. Na rubuta da Turanci, wani abokin aikina ya mayar mini Jamusanci, cewa kwabon ya bi hanyar jiragen daga Derwent zuwa Lincolnshire ya tsallaka teku ya isa Möhne, amma ya ƙarasa Neheim, kuma duk wanda ya ɗauka ya tuna da duka ɓangarorin.

Wajen amfani ban sha wahala ba, shigar da lambar kunnawa bai kai minti biyar ba. Abin da ban so ba shi ne 'yar jakar ledar da mai sayarwar ya haɗo da shi, sati uku ta yage, hoton da wani ya turo na ga har gefen fentin ya ɗan goge saboda damshi, da na sani da na sa shi cikin roba mai murfi tun farko. Girmansa ma ba ya shiga ƙananan maɓoyu, dole sai mai ɗan faɗi. Sannan a shirya wa jiran tsammani, nawa ya yi wata huɗu cur a hannun mutum ɗaya ba labari, kullum ina duba waya, har na fidda rai sai na tura masa saƙo cikin ladabi ya ba da haƙuri ya ce a aljihun rigar sanyi ya manta shi. Kwabban nan suna yawan ɓata, shi ya sa wasu ke ajiye na ainihin a gida su saki kwafi mai ɗauke da lambar. Ni dai na ainihin na saki, ban ga amfanin abin tunawa da ke kulle a durowa ba. In za ku sa hotonsa a Facebook ku rufe lambar da yatsa, in ba haka ba wanda bai taɓa ganinsa ba ma zai iya rubuta cewa ya gan shi.

A ma'aunina huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda mutanen kwarin da aka bari. Kwabon ya je garin Woodhall Spa a Lincolnshire an ɗauke shi hoto a gaban dutsen tunawa da rundunar 617 mai siffar fasasshiyar madatsa, daga nan wata mata ta tsallaka da shi Holan ta kai shi Steenbergen inda kabarin Gibson yake, don shi ma jirginsa a can ya faɗi a Satumbar 1944. Yanzu haka yana cikin wata roba a gefen wani daji kusa da iyakar Jamus, kwana 12 kenan ba wanda ya ɗauka, yarona da ya dawo makaranta abin da yake fara tambaya kenan.