Ƙara wa motar gudu ƙarfin birki: me za ka fara saya, me za ka bari?

Mai mota mai ƙarfin inji, da zarar ya ji birki bai yi masa ba, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne manyan kalifa (ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifan da ke juyawa da taya) masu jan fenti da faifai mai huje-huje. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka nemi busasshiyar hanya da babu kowa, ka kai gudun kilomita 80 a awa, ka taka birki iya ƙarfinka. Idan feda ta riƙa rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, ce ta shiga, ma'ana birkinka ya riga ya fi ƙarfin tayoyinka. Aikin birki hana taya juyawa, ita kuma taya ita ce ke riƙe kwalta. Kome girman kalifar da ka ɗaura, tazarar tsayawa a taku ɗaya ba za ta ragu ba muddin tayoyin nan ne. Saboda haka idan tayoyinka sun sha jiki ko na araha ne, can kuɗinka na farko ya kamata ya tafi.

Abin da kayan birki masu tsada ke saya maka shi ne jure zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke kan kilomita 100 a awa tana ɗauke da ƙarfin motsi kimanin kilojul 580, kuma kusan duk wannan zafi yake komawa a jikin faifai da takalmin birki, galibi na gaba. Ka ninka gudun sau biyu, zafin ya ninka sau huɗu. Taku ɗaya ba ya gagarar birkin kamfani. A taku na biyar ko na shida a jere, ko a doguwar gangara, a nan ake gane tsiyarsa. Kuma yadda ya gaza shi ke faɗa maka abin saya. Idan feda na nan da taurinta amma mota ta ƙi tsayawa, ga ƙauri na tashi, takalmin ne ya wuce zafin da yake iya ɗauka. Idan feda ta yi laushi ta nufi ƙasa, man birki ne ya tafasa.

Takalmin birki shi ne abin da ya fi sauya halin mota da kuɗi kaɗan, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ka juya bayansa ko gefensa, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar FF ko GG. Harafin farko riƙonsa ne da sanyi, na biyu riƙonsa da zafi: E na nufin ma'aunin riƙo 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G kuwa 0.45 zuwa 0.55. Takalmi mai FE yana raguwa idan ya ɗau zafi, wannan ba na motar gudu ba ne. FF ko GG shi ne abin nema. A kasuwar Turai kuma akwai tambarin R90, wanda ke nuna riƙon takalmin bai kauce wa na kamfani da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba.

Na siramik shiru yake, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba ta baƙanta rim, faifai yana daɗewa da shi. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum ya isa, sai dai cizonsa na farko ba shi da kaifi, kuma ba shi ne gwanin zafi mai tsanani ba. Mai haɗin ƙarfe ya fi cizo da jure zafi, amma yana da ƙura, yakan yi kuka, yana kuma cin faifai. Tsakanin titi da filin tsere akwai irin su Hawk HPS, EBC Yellowstuff da Ferodo DS2500. Irin wannan rukunin ne ya dace da mai son taka mota a hanyar lanƙwasa, in dai ya yarda da wankin rim akai-akai, kuma ya tabbatar an amince da wanda ya zaɓa a titi a ƙasarsa. Wanda muke hana kowa saya shi ne takalmin tsere zalla. An yi shi ne ya yi aiki bayan ya ɗau zafi sosai. Da sanyin safiya, a mahaɗar farko, ga yaro ya tsallako, za ka taka ka ji bai kama yadda ka saba ba. Bugu da ƙari yana ƙara kamar ana jan ƙarfe a siminti, yana kuma kankare faifai cikin 'yan watanni.

Man birki shi ne mafi arha a duk jerin, kuma shi aka fi mantawa da shi. Yana shan ruwa daga iska sannu a hankali, ruwan kuma yana rage zafin da yake tafasa. Ana rubuta ajin mai da lambar DOT a jikin gora. Mafi ƙarancin zafin tafasar DOT 3 shi ne digiri 205 na Celsius yana sabo, 140 bayan ya sha ruwa. DOT 4 yana da 230 da 155, DOT 5.1 kuma 260 da 180. Lamba ta biyu ita ce ta shafe ka, domin man da ya shekara a mota ba sabo ba ne. ATE Typ 200, misali, yana da 280 da 198, ya wadatar ga titi har da rara. Kada lambar DOT 5 ta ruɗe ka: na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba. Lita ɗaya takan isa a zubar da tsohon gaba ɗaya. Ka sauya duk shekara biyu, ka buɗe sabuwar gora kowane lokaci, wadda ta daɗe a buɗe ta riga ta sha iska. Wajen fitar da iska daga layin birki, yawancin motoci daga tayar da ta fi nisa da masta (famfon da feda ke turawa) ake farawa, amma ka duba littafin motarka, kuma kada a bar tankin man ya ƙafe ana cikin aiki. Ɗigonsa yana cin fenti, a wanke da ruwa nan take.

Tiyon man birki mai saƙar ƙarfe ba ya ƙara ƙarfin tsayawa. Na roba yana ɗan kumbura idan an matsa, musamman tsoho, shi kuwa wannan ba ya yi, sai feda ta yi tauri ka riƙa jin abin da ƙafarka ke yi. Ka sayi wanda aka yi wa motarka takamaimai, kuma bayan ɗaurawa a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbatar ba ya gogar komai, domin saƙar tana cin duk abin da ta taɓa.

A faifai, mai inganci wanda ba shi da tsaga ko huji ya fi abin da mutane ke zato. Ƙarfensa ya fi yawa, don haka ya fi haɗiye zafi. Mai tsaga yana share fuskar takalmi, yana taimakawa a ruwa, amma yana rage masa kwana yana kuma ɗan gurnani. Mai huje-huje ado ne ya fi yawa a cikinsa. Idan ana dumama shi ana sanyayawa, tsaga kan fara daga bakin ramukan, musamman na araha. Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kauri a rubuce a jikinsa, ka auna, in ya kai can kada ka ɗora masa sabon takalmi. Rawar sitiyari da ake cewa faifai ya lanƙwashe, sau da yawa garin takalmi ne ya manne wuri-wuri, ko an ɗaura faifan a kan tsatsa. A kankare mazauninsa har ƙarfe ya yi fes, a auna karkacewarsa ta zauna wajen milimita 0.05 ko ƙasa, a ɗaure notocin taya da sifana mai ma'auni, ana tsallake ɗaya zuwa na daura da shi.

Babban saitin birki, irin na Brembo, AP Racing ko Wilwood, mai fistin (masu tura takalmi a cikin kalifa) huɗu ko shida da faifai daga milimita 330 zuwa 380, kaya ne na gaske, kuma yana biyan kuɗinsa ga wanda ya ƙara wa inji ƙarfi sosai, ko mai shiga filin tsere, ko wanda ya sauya takalmi da mai amma har yanzu birki na gajiya. Ga tuƙin titi kawai, da wuya ka kai inda zai nuna bambanci. Idan ka yanke shawarar saya, masu ƙerawa kan ba da zanen gwaji, ka buga shi a takarda ka yanka ka saka cikin rim, domin ba faɗin rim kaɗai ke hana shiga ba, har da siffar ƙafafunsa. Tayar ajiya ma tana iya ƙin shiga. Ka tambaya ko fistin ɗin suna da robar kare ƙura, domin wasu kalifar tsere ba su da ita, ruwa da yashi kan kashe su. Abu mafi haɗari shi ne haɗa kalifar wata mota da ka. Idan faɗin fistin ya yi wa masta yawa, feda za ta yi nisa, gaba ya ɗauke aiki, baya ya zauna banza, tazarar tsayawa ta ƙaru maimakon ta ragu. Ka kuma guji jabu, ana kwaikwayon manyan sunayen nan sosai. A wasu ƙasashe kuma sai an sanar da kamfanin inshora.

Duk abin da ka zaɓa, a sauya ɓangarori biyu na gaba ko na baya tare, a goge sandunan zamewar kalifa a shafa musu giris ɗin birki. Bayan an gama, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin ka motsa motar. Sannan a zaunar da sabon takalmi: in mai ƙerawa bai ba da nasa tsarin ba, ka yi taku takwas zuwa goma daga kilomita 100 zuwa wajen 10, da ƙarfi amma ba har ABS ta shiga ba, kuma ba tare da tsayawa cak ba. Za ka ji ƙauri, ba matsala. Daga nan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba sai dole. Idan ka tsaya da ƙafa a kan feda faifai na da zafi, takalmin zai bar hotonsa a jiki, kuma daga wannan tabon rawar sitiyari ke farawa.