Kwana uku da jagoran yawon buɗe ido a Alkahira

Ganin likita ne ya kai ni Alkahira tare da uwargida. Da aka gama gwaje-gwaje aka ce mu jira sakamako na kusan mako guda, sai muka ga zaman ɗaki ba zai yi mana ba. A masaukinmu aka haɗa mu da wani kamfanin yawon buɗe ido, muka biya kuɗin kwana uku: mota mai sanyi da direbanta, jagora mai jin Larabci da Turanci, abincin rana, da tikitin shiga wurare. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ina da yabo a kansu, ina kuma da ƙorafi, kuma irinsu suna da yawa a garin.

Ranar farko Giza muka nufa. Ƙarfe bakwai na safe direba ya iso, bai makara ko minti ɗaya ba, kuma haka ya yi har muka rabu. Fitar sassafen nan ta yi mana rana, don cunkoson motocin Alkahira ba a cewa komai, ga ƙarar hon ba dare ba rana. Na sha ganin dala a hoto, amma sai da na tsaya a gindin ta Fir'auna Khufu na gane girmanta. Dutse ɗaya na layin ƙasa ya kusa kamo ƙirjina. Jagoranmu ya ce shekarunta sun kai kusan 4,500, kuma asalin tsayinta mita 146 ne kafin a rasa ƙololuwarta da farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi. Ya nuna mana saman dalar Khafre inda ragowar wannan lulluɓi yake har yanzu, kamar hula a kai. Daga nan muka gangara wurin gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul, mai tsawon mita 73, an sassaƙa shi daga dutse guda.

A nan na fara ganin amfanin jagora. Masu raƙuma da masu tallan tsaraba sun yi mana ca, wani ya ɗora mini rawani a kai yana cewa kyauta ce. Jagoran ya cire, ya mayar masa cikin ladabi, ya juyo ya ce mini: "Ya Hajji, kada ka karɓi komai a hannunka sai kun gama ciniki. Idan za ka hau raƙumi, ku yi maganar kuɗin hawa da na sauka tun a ƙasa." Wannan shawara kaɗai ta fanshi wani abu daga cikin kuɗinmu.

Ƙorafina daga yammacin ranar ya soma. Maimakon a bar mu mu ƙara zama a Giza, sai aka kai mu wani shago da aka kira "cibiyar takardar bardi". An nuna mana yadda ake fere karan, a jiƙa, a jera shi a gicciye, a danne har ya zama takarda. Minti biyar na farko akwai ilimi a ciki, na yarda. Sauran awa guda kuwa talla ce zalla. Washegari aka sake yi mana haka a shagon turare: shayi, kujeru masu laushi, kwalabe suna ta fitowa, mai shago ba ya gajiya da magana. Babu ko ɗaya daga cikin shagunan nan a takardar tsarin tafiya da aka ba mu. Kowa ya san la'ada ake samu idan baƙo ya saya, kuma ban ƙi mutum ya nemi abincinsa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne lokacin da aka cinye nawa ne, na biya shi da kuɗina, kuma daga bakin wuri mafi soyuwa a gare ni aka yanke shi.

Rana ta biyu da Kal'ar Salahuddin muka fara, wato gidan sarauta mai ganuwa, wadda aka soma ginawa a 1176 a kan tudu, ta zama mazaunin masu mulkin Masar na kusan shekara 700. Daga farfajiyar masallacin Muhammad Ali, mai mulkin Masar na dā, ana hango garin shimfiɗe, hasumiyoyi ba iyaka, ƙura ta yi masa mayafi. Masallacin kansa, wanda aka fara a 1830 bisa salon Turkawa, yana da ɗaukar ido, amma bai taɓa zuciyata sosai ba. Jagoran ya nuna mana wajen siririyar hanyar da Muhammad Ali ya sa aka ritsa da manyan Mamalik, wato sojoji 'yan asalin bayi da suka taɓa mulkin Masar, a 1811, bayan ya gayyace su biki, aka hallaka su. Muka yi shiru, muka wuce.

Wanda ya kama ni shi ne masallacin Sultan Hasan da ke ƙasan Kal'ar. Ana shiga ta wani dogon soro mai duhu da lanƙwasa, kana tafe kana lalube da ido, sai kwatsam ka faɗo tsakar gida mai haske, ga manyan rumfuna huɗu na dutse, kowace da bakinta a buɗe zuwa sama, fitilu suna reto a jikin dogayen sarƙoƙi. An fara ginin a 1356 aka gama a 1363. Jagoran ya tambaye ni, "Ya Hajji, wace mazhaba kuke bi?" Na ce ta Imamu Malik. Sai ya kama hannuna ya kai ni wata kusurwa, ya nuna mini ƙofa ya ce nan ce makarantar Malikawa, don an gina wurin ne da makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar nan. Shi kansa sarkin da ya gina wurin an kashe shi a 1361 kafin a kammala, ba a kuma ga gawarsa ba, saboda haka ƙatuwar kubbar da ya tanadar wa kansa ba shi ne a cikinta ba. Wani bawan Allah mai kula da wurin ya tsaya a ƙarƙashin kubbar ya karanta ayoyi kaɗan don mu ji yadda murya ke kewayawa. Uwargida ta share hawaye. Mun ba shi tukuici da zuciya ɗaya. Tukuici, wanda suke kira bakshish, wani ɓangare ne na rayuwar garin, don haka a riƙe canjin fam ɗin Masar a aljihu. Mai ajiye takalma da mai buɗe ƙofa duk suna sa rai.

Daura da shi akwai masallacin Rifa'i da aka kammala a 1912, inda aka binne Sarki Faruk da kuma Shah na Iran na ƙarshe, wanda ya rasu a Alkahira a 1980. Leƙawa kawai muka yi.

Sai aka ce a je shagon turaren da na ambata, kuma sanadinsa muka isa masallacin Ibn Tulun dab da rufe wa masu ziyara. Minti ashirin aka ba mu. Wannan masallaci an gama shi a 879, ya girmi birnin Alkahira kansa da shekara 90, kuma shi ne mafi tsufa a garin da ya rage a kan siffarsa ta asali. Da jan bulo aka gina shi, filinsa fetal, babu hayaniya, iska tana ratsa bakunan rumfuna. Hasumiyarsa daban take da duk wadda na taɓa gani, matakalarta ta waje take nannaɗe da ita, salon da aka ɗauko daga Samarra ta Iraƙi inda Ahmad ibn Tulun ya taso. Na sa ƙafa a matakala ke nan aka ce lokaci ya yi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Da daddare na kira ofishinsu na faɗi abin da ke raina. Don Allah ban ɗaga murya ba. Na ce gobe ba na son shago ko ɗaya, kuma ina son a ajiye mota mu taka da ƙafa. Sun ba da haƙuri, ba su mayar da ko sisi ba, amma sun cika alkawarin washegari. Jagoran ma da safe ya ce mini, "Ka yi daidai, ya Hajji. Yau za ka ga Masar." Su Misirawa garin ma Masar suke ce masa, kamar ƙasar duka a cikinsa take, suna kuma yi masa kirari da Ummud Dunya, uwar duniya.

Wannan rana ta uku ita ce ta biya kuɗin tafiyar. Mun shiga ta Babul Futuh, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa da waziri Badrul Jamali ya gina a 1087, muka miƙe titin Mu'izz. A nan jagoran ya warware mana asalin garin, yana tafe yana nuni da hannu. Amr ibn al-As ne ya kafa Fustat wajen 641 bayan Musulmi sun ci Masar. Alkahira kuwa sai a 969 Jauhar as-Siƙilli, kwamandan Fatimiyawa, ya zana ta saboda halifansa al-Mu'izz, wanda titin ke ɗauke da sunansa. Ba haddar littafi yake zubo mana ba. Zai tsaya ya ce mu ɗaga kai mu dubi tagogin katako masu ƙananan ramuka, ya bayyana yadda mutanen gida ke ganin titi ba a ganin su, iska kuma tana shiga. Zai nuna sabil, wato wurin shan ruwa na sadaka, da makarantar allo a samansa, ya ce masu hali sukan haɗa biyun a gini ɗaya: ruwa a ƙasa, karatu a sama. A ginin Sultan Ƙalawun na 1285 ya nuna mana ragowar asibitin da ake duba marasa lafiya kyauta. Da ya ga launin fatarmu da inda hirarmu ta karkata, sai ya kawo labarin Mansa Musa na Mali, wanda ya yada zango a garin a 1324 kan hanyarsa ta aikin Hajji, zamanin Sultan an-Nasir Muhammad, ya rabar da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa.

Azahar a masallacin Azhar ta same mu. An fara gina shi a 970, aka buɗe a 972. Tsakar gidan farin marmara ne mai sheƙi, ga ɗalibai daga ƙasashe daban-daban sun jingina da ginshiƙai, kowa da littafinsa, wasu suna bitar hadda a hankali suna rausaya kai. Jagoran ya bar mu muka yi sallah a natse, bai dubi agogo ba. Bayan mun fito muka ci koshari a wata 'yar rumfa: shinkafa da taliya da adas, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, sai ruwan tafarnuwa da yaji a gefe. Ya fi mini abincin manyan gidajen cin abincin da aka kai mu kwana biyun farko daɗi nesa ba kusa ba. Kasuwar Khan al-Khalili, wadda asalinta ke komawa ƙarshen ƙarni na 14, ratsawa muka yi. Akwai kyan gani, amma farashin farko da za a faɗa maka ba na saye ba ne, sai ka taya. Muka ƙare a Bab Zuwaila, ƙofar kudu ta 1092, inda Usmaniyawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. A nan dai na samu na hau hasumiya. Matakalar matsattsiya ce, ga duhu, duk mai ciwon gwiwa ya haƙura, amma daga sama titin Mu'izz gaba ɗaya yana ƙarƙashin idonka.

Kwana guda da ya rage mana muka fita mu kaɗai, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki tun 1987. Yana da araha da sauri, akwai kuma taragon mata zalla. Muka sauka a tashar Mar Girgis, unguwar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, muka ga Cocin Rataye da aka ɗora a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa, muka taka zuwa masallacin Amr. Daga nan muka ɗauki tasi zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fustat, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 a watan Afrilun 2021. Ramsis na biyu yana kwance a akwatin gilashi, gashinsa da farcensa duk ana gani. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin, mutane ma da raɗa suke magana.

Ga wanda zai ɗauki irin wannan kamfani, direba da mota ba ni da abin cewa a kansu, jagoran kuwa da zan koma shi zan nema da kansa. Amma kafin ka biya, ka sa a rubuta maka wuraren da za a je da tsawon lokacin kowanne, ka faɗa tun farko cewa ba ka son shago, kuma ka ware yini guda cur na tafiyar ƙafa a tsohon gari. Ka tafi da katin banki, don manyan wuraren tarihi da kati ake sayen tikitinsu. Likita ya ce mu dawo bayan wata shida. Na riga na gaya wa uwargida cewa safiyar farko ta Ibn Tulun ce, daga nan mu wuce kubbar Imamu Shafi'i, wadda wannan karon daga tagar mota kawai muka hango ta.