Canza gefen baya na tsohuwar Peugeot 504: da hannunka ko a wajen fanel bita?

Malam, ka ce Peugeot 504 ɗin da ka gada daga mahaifinka, Allah ya jiƙansa da rahama, tsatsa ta cinye mata gefen baya na dama tun daga bakin taya har kusa da fitila, kuma kana tambaya ko ka sayi injin walda ka canza ɓangaren da kanka a gida, tunda hannunka ya ɗan saba da ƙarfe, ko kuwa ka kai ta wajen fanel bita. Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu. Yanka da walda ka bar wa gwani, sauran kuma, wanda shi ne masu gareji suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ka riƙe shi a hannunka.

Dalilin farko yana cikin ƙirar motar. Gefen gaba na 504 da noti aka ɗaure shi, kowa yana iya kwance shi da sifana ya mayar da wani. Da Volkswagen Beetle ce ma ka gada, da na ce ka yi da kanka, domin ita har murfin tayar baya noti ne ke riƙe da shi. Amma 504 jikinta shi ne ƙashinta, kuma gefen bayan an manne shi ne da ɗigon walda masu yawa a jikin ginshiƙin rufi, da bakin ƙofar baya, da rumfar taya ta ciki, da ƙasan but. Da zarar an yanke shi, wannan kusurwa ta saki. Idan motar ba a daidai take zaune ba lokacin da aka haɗa sabon, to haka za ta ƙame a karkace, ƙofa ta riƙa cijewa, murfin but ya ƙi zama, kuma babu gudumar da za ta gyara wannan sai an sake yankawa.

A wajen neman ɓangaren da za a saka, kai ne kake gaba da fanel bita. Motar ta fito a Faransa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975, saboda haka gawarwakinta ba su ƙare ba, ko da yake sabon gefe na kamfani ya yi wuyar samu. Abin da aka saba shi ne a yanko daga jikin wata matacciya, ko a nan Sakkwato, ko a Panteka ta Kaduna, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu kuma sukan bi ta Illela su leƙa Birnin Ƙonni. Mai gareji zai karɓi wanda ya fara zuwa hannunsa, kai kuwa kana da haƙurin zaɓe. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikin ƙarfen da shi, duk inda ya ƙi kamawa to fila ce, wato ƙullin da ake cike lomawar bodi da shi, aka cusa a wurin. Ka tabbata daga salun irin taka aka yanko, domin na doguwar wagon ba zai hau ba, sannan ka sa a yanko shi da faɗi fiye da buƙata, har da ɗan bakin ƙofa da rumfar taya. Motar da ta tsufa a busasshiyar ƙasa irin tamu ta fi wadda ta sha iskar teku a Legas lafiyar ƙarfe.

Walda ce inda lissafin yake juyawa. Kaurin ƙarfen jikin mota bai cika kai milimita 1 ba. Injin waldar sanda da ake haɗa ƙofa da taga da shi huda wannan ƙarfe yake yi nan take, don haka sanin da ka yi a kansa ba zai raka ka nesa ba. Waldar gas ta kabaid, wadda yawancin masu aikin bodi a nan suke amfani da ita, tana haɗawa, sai dai zafinta yana bazuwa, kuma gefen baya dogon fili ne marar lanƙwasa da yawa, da ya sha zafi sai ya kumbura a nan ya loma a can. Wadda ta fi dacewa ita ce waldar MIG, wato ta injin lantarki mai turo waya da kansa tare da gas mai kare haɗin, da siririyar waya ta milimita 0.6, ana ɗiga ta ɗigo-ɗigo, a yi ɗaya a nan, a tsallaka nesa a yi wani, a jira ya huce, har ɗigon su haɗu su zama layi. Bayanin ba shi da wuya, amma hannu ba ya koyonsa a mako guda. Idan ka ce a kan wannan mota za ka koya, to ɓangaren da ka sha wahala ka samo shi ne zai zama allon karatunka, kuma ba lallai ka sami na biyu ba. Fanel bitan da ya shekara ashirin yana wannan aiki, ko da gas yake yi, ya san lokacin da zai janye wuta, ya kuma san yadda zai tokare ƙarfe ta ciki ya bi shi da guduma tun da ɗuminsa har ya koma daidai.

Sai dai shi ma yana da nasa ciwon, wato gaggawa. Motoci suna layi a gabansa, kuma an saba masa da masu cewa a rufe kawai a yi fenti. Hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen, ya like bakin da waldar tagulla, ya shafe tudun da fila mai kauri. A ranar karɓa motar tana sheƙi, amma tsakanin ƙarafan biyu an bar wa ruwa masauki. Na taɓa karɓar irin wannan aiki daga wani gareji, damina biyu kawai ya yi fentin ya fara ƙuraje a kan layin haɗin, da muka kankare kuwa muka tarar da fila ta kusa kaurin yatsa. Aikin kirki baki da baki ake haɗa ƙarfen, bayan an yanke duk inda tsatsa ta taɓa, kuma filar da za ta biyo baya bai kamata ta wuce milimita 3 ba.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Injin MIG da tukunyar gas ɗinsa, da injin yanka, da bakin huda ɗigon walda, da maƙalai, da janareta mai ƙarfin ɗaukar su idan wuta ta ɗauke, in ka tara kuɗinsu domin gefe ɗaya tak, da wuya su yi ƙasa da ladan gwani. Sayen yana da ma'ana ne kawai ga wanda ya yi niyyar ci gaba da wannan aiki shekara da shekaru.

Akwai kuma haɗarin da ya fi tsanani a cikin gida. Tankin mai a baya yake, dab da inda tartsatsi zai riƙa tashi, kuma tankin da aka zuƙe ya fi cikakke saurin fashewa saboda tururin da ya rage a ciki, don haka cire shi ake yi gaba ɗaya a kai shi nesa, a kuma cire kan batir. Tsofaffin motoci da yawa an shafe mahaɗin rufinsu da dalma, wadda ƙurarta da hayaƙinta guba ne, ba abin da za a gurza a tsakar gida kusa da yara ba.

To, ga rabonka. Kafin motar ta bar gida, ka kwance fitila, da bamba, da kujerar baya, da shimfiɗar but, da robobin ƙofa, ka adana su, domin a gareji ne irin waɗannan ƙananan kaya suke ɓata, kuma na 504 ba a kowane shago ake samunsu ba yanzu. Ka kankare laka da tsohon kwalta daga rumfar taya ka ga iyakar ɓarnar da idonka, saboda tsatsar da ta fito waje daga ciki ta faro, inda lakar damina take maƙalewa ta riƙe danshi. Idan kana son ka gwada hannunka a walda, ƙananan facin ƙasan but da ba mai gani su ne wurin gwaji.

Wajen zaɓen mai aikin, kada ka duba motar da ya gama jiya, ka nemi ya nuna maka wadda ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce. Ku yi sharaɗi cewa ƙofar baya da murfin but za su kasance a jiki lokacin da ake gwada sabon gefen, a daidaita tazarar da ke tsakaninsu ta zo ɗaya da ta hagu kafin a ɗiga walda ko ɗaya. Ka kuma raba biyan kuɗin, kaso na biyu sai ka ga haɗin tsirara, ciki da waje, kafin fila ta hau.

Bayan walda aikin ya sake dawowa gare ka, domin ɓangaren baya na haɗin, ta cikin but, shi ne wurin da ba mai shafa wa komai, kuma daga nan sabuwar tsatsa take farawa. Ka goge shi, ka shafa firaima mai hana tsatsa, ka toshe bakin haɗin da gam ɗin bodi, ka buɗe ƙananan ramukan da ruwa yake fita ta ƙasa. Fenti kuma kada ka yarda a fesa shi a fili cikin ƙurar hunturu, ko da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, domin yakan bushe kafin ya kwanta. A nemi rufaffen ɗaki, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a fesa da sassafe.