Kayan koyon zane a kan jan ƙarfe: na auna su da aikin gidan Sadeler

Akwatin ya zo da alƙaluman ƙarfe uku, irin waɗanda Turawa ke kira burin, da faranti biyu na jan ƙarfe masu tsawon santimita 15, faɗi 10, kauri milimita ɗaya. Akwai makankari mai baki uku, da magogi mai santsi, da dutsen washi, da ɗan gwangwanin baƙar tawada. Masu sayarwa sun ce da waɗannan za ka iya zane irin na mutanen Flanders na da, wato arewacin Beljiyam ta yau. Maganar tana da girma, shi ya sa na auna kayan da aikin gidan Sadeler, dangin da suka yi suna a wannan sana'a.

Jan Sadeler, wanda aka haifa a Brussels a 1550, shi ya buɗe wa gidan hanya. Ya shiga ƙungiyar masu zane ta Antwerp a 1572, ya yi aiki a Cologne, ya zauna a Munich a fadar Wilhelm na Biyar mai mulkin Bavaria, ya rasu a Venice a 1600. Ƙanensa Raphael ya bi shi kusan duk inda ya sa ƙafa. Ɗan ɗan'uwansu, Aegidius, ya fi su suna: ya zama mai zanen fadar Sarki Rudolf na Biyu a Prague, can ya rasu a 1629. Galibi ba su ne ke ƙirƙiro hoton ba. Wani ya zana, su kuma su mayar da shi layuka a kan ƙarfe don a buga da yawa. Shi ya sa a ƙasan takardunsu za ka ga kalmomin Latin uku: invenit ga mai ƙirƙira, sculpsit ga mai yankan ƙarfe, excudit ga wanda ya wallafa.

Abin da na kwaikwaya ɗan yanki ne kawai, hannun riga da kututturen bishiya, daga jerin hotunan masu zuhudu a daji da Jan da Raphael suka yanka bisa zanen Maarten de Vos. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam yana bayar da irin waɗannan hotuna kyauta a intanet, kuma ana iya zuƙo su har a ƙirga layi ɗaya bayan ɗaya.

Matsala ta farko tun kafin a taɓa faranti take. Alƙaluman sun zo ba washi, kuma sun yi tsawo. Ƙa'ida ita ce ƙotar katakon ta zauna a gindin tafin hannu, tsinin kuma ya ɗan zarce yatsu kaɗan. In ya yi tsawo, hannu ba ya mallakarsa. Sai an zare ƙarfen an rage shi ta gindi, ba ta baki ba. Bayan haka a wasa ɓangarori biyu na cikinsa su kwanta sumul a kan dutse mai ɗigon mai, sannan a wasa fuskar a kan digiri 45. In kusurwar ta fi haka tsayuwa, alƙalamin zai riƙa zamewa yana ƙin cizo. In ta kwanta da yawa, tsinin zai nutse ko ya karye. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora tsinin a farcen babban yatsa, in ya kama ya yi, in ya sulale koma kan dutse. Dutsen da ke cikin akwatin mai kaushi ne, yana barin zane a fuskar ƙarfen, dole a nemi mai laushi don gamawa.

Babban abin da akwatin ya rasa shi ne matashin fata mai cike da yashi. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka kwalliya ce, alhali shi ne rabin aikin. Hannun dama ba ya yawo. Turawa kawai yake yi gaba. Hagu ce ke juya farantin a kan matashin, ta haka layi ke lanƙwasa, kamar yadda mai sassaƙar ƙwarya ke juya ƙwaryar a cinyarsa. Ba matashi, da'ira tana fita da kusurwa-kusurwa. Dukawa za su iya ɗinka maka shi, faɗin tafin hannu biyu, a cika shi da yashi tam. Kuma a kiyaye, kada yatsun hagu su tsaya gaban tsini, don ranar da ya kuɓuce ba ya sallama.

Da washi ya yi, farantin ya ba ni mamaki. Jan ƙarfen mai kyau ne, ba ya da tauri a wani wuri da laushi a wani, siririn zaren ƙarfe yana fitowa a murɗe gaban tsini, wanda shi ne alamar yanka ta tafi daidai. Alƙalami mai baki murabba'i ya fi daɗi a lanƙwasa, layinsa mai faɗi ne marar zurfi. Mai siffar lu'ulu'u ya fi shiga ciki, layinsa siriri. A nan ne mutum ke gane ƙwarewar gidan Sadeler. Layinsu yana farawa kamar gashi, ya kumbura a tsakiya, ya sake sirancewa, duk a turawa ɗaya. Inuwa kuwa da layuka masu giciye suke yin ta, su sa ɗigo-ɗigo inda duhu ke narkewa ya zama haske. In layukan giciyen suka matsu sosai, ƙarfen da ke tsakaninsu yana rushewa, wurin ya fito toka-toka maimakon baƙi wuluk. Bayan kowane 'yan layuka sai a bi da makankari a kwashe ƙarfen da ya tashi a gefe, in ba haka ba tawada za ta maƙale a nan, layin ya yi gashi. Makankarin akwatin lafiya lau yake. Magogin ma yana share ƙaramin kuskure in an sa ɗigon mai, amma yanka mai zurfi ta fi ƙarfinsa.

Kada a manta bugu yana juya hoto. Dama ta koma hagu, rubutu kuma sai an yanka shi a juye, don haka madubi ya zauna kusa.

Wajen bugawa, farantin ya zo da gefe mai kaifi; a bi shi da magagari a kwantar, ko ya yanke takarda da bargon injin bugu. Tawadar tana da kauri yadda ake so. A cusa ta cikin layuka, a goge saman da yadi mai raga da aka yi wa sitaci, a ƙarasa da gefen tafin hannu. Goge da yawa yana kwashe tawadar daga ƙananan layuka. Takardar auduga mai kauri ake jiƙawa kamar minti 20, a tsane ta tsakanin tawul har ta daina ƙyalli. Busasshiyar takarda ba ta shiga rami ta ɗauko tawada, sai layi ya fito a tsittsinke. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ta ce ana iya murzawa da bayan cokali. Ba ya yi. Tawadar a cikin rami take, ba a sama ba, sai injin matsa mai naɗi biyu da bargon ulu.

Ga wanda yake da hanyar samun injin, kuma bai ƙi ya ɓata kwana biyu a kan washi ba, kayan sun cancanci kuɗinsu, musamman farantin da makankarin. A haɗa da matashin yashi, da dutse mai laushi, da magagari, da gilashin ƙara girma. Faranti na farko kuma a bar shi ga layuka madaidaita da da'ira kawai, na biyun ne za a kai wa hannun rigar.