timeit ko asv wajen auna saurin NumPy

Ɗalibin kwamfuta a Katsina da ke son auna saurin wani sashe na NumPy, manhajar lissafi ta harshen kwamfuta na Python, yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce timeit, wadda take zuwa tare da Python, tana maimaita aiki ɗaya sau da yawa ta faɗi lokacin da ya ci. Ita kuwa asv, wadda masu gina NumPy da SciPy ('yar'uwarta ta lissafin kimiyya) suke amfani da ita, tana bin tarihin gyare-gyaren manhajar, ta nuna ainihin gyaran da ya jawo raguwar sauri. Na fi karkata ga asv, sai dai takan daɗe tana aiki, kuma idan aka ɗauke wuta da tsakar ranar Afrilu, kwamfutar ta koma kan batir fankarta na huci, gudunta yakan ragu awon ya lalace.