Kafin ka sayi tsohuwar kwamfuta domin gwada Linux

Tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tambaya ɗaya take yawan zuwa mini daga ɗalibai a Samaru da Kongo a Zariya: shin ya dace mutum ya sayi tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo domin ya gwada Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, a kanta? Tambayar tana da tushe, domin Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da furosesarsu ta Intel ta girmi zubi na 8, kuma irin waɗannan su ne suka cika shagunan PZ.

Shawarata ta farko ita ce kada ka fitar da ko sisi tukuna. Nemi filashi mai gigabait 8, ka sauke ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kamar Linux Mint ko Ubuntu, ka ɗora a kansa da manhajar Rufus, sannan ka tayar da kwamfutarka daga filashin. Za ka ga tsarin gaba ɗaya, ka shiga intanet, ka yi rubutu da LibreOffice, kuma da zarar ka zare filashin, Windows ɗinka za ta dawo yadda ka bar ta. Zai ɗan yi nauyi, amma kwana biyu sun isa ka san ko abin ya kwanta maka. Akwai kuma VirtualBox, wadda ke ba ka damar tafiyar da Linux a cikin Windows, sai dai tana cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma mai gigabait 4 zai sha wahala.

Hanya ta uku ita ce raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, kowane tsari da ɓangarensa. Tana aiki, amma ita ce nake jin tsoro ga sabon shiga. Na taɓa zama da wani ƙanena har bayan sallar isha'i muna neman babi uku na furojet ɗinsa, bayan ya zaɓi ɓangaren da ba shi ba wajen saka Linux, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Ba mu same su ba. Idan kwamfuta ɗaya gare ka, kuma a kanta karatunka ko abincinka yake, a nan ne sayen ta biyu yake da ma'ana, domin Linux ba a iya ta sai an ɓata an gyara, kuma ba wanda zai saki jiki ya yi ɓarna a kan abin da ba shi da madadinsa.

To idan za a saya, wacce? Na fi amincewa da waɗanda aka ƙera domin ma'aikatan ofis, wato Lenovo ThinkPad irin T430 ko T440, da Dell Latitude, da HP EliteBook. Jikinsu yana da ƙwari, ana buɗe su da sukurdireba, kuma masu gyara suna da kayansu. Tsufa ma yana da iyaka: kada ka karɓi mai furosesa 32-bit komai arharta, domin Ubuntu da Linux Mint sun daina fitar da babban zubinsu dominta. Nemi RAM gigabait 4 aƙalla, 8 idan da hali. Idan kuma kuɗin ya tsaya tsakanin furosesa mai ƙarfi da ma'ajiyar SSD, wadda ta fi tsohuwar hadis sauri, ɗauki SSD, ita ce take mayar da tsohuwa yarinya. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Linux Mint zubin Xfce ko Lubuntu sun fi sauƙin ɗauka.

Ranar ciniki ka tafi da filashinka a aljihu. Ka roƙi mai shago, cikin mutunci, ya bar ka ka tayar da kwamfutar da shi a gabansa. Duba ko Wi-Fi ya kama, domin wasu katunan Broadcom sai an nemo musu direba, wato manhajar da ke sa su aiki. Gwada sauti da kyamara da kowane maɓalli. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin yawancin waɗannan kwamfutoci daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Sai batir, wanda a garin da wuta take zuwa ta koma ya fi komai muhimmanci: zare cajar, ka zauna minti 20 kana kallon yadda yake sauka, kana kuma sa tafin hannu a bakin fanka. Wadda take huci a cikin shago ba za ta jure zafin Afrilu da ƙurar hunturun Zariya ba.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne Linux tana zuwa da tsarin kibod na Hausar Nijeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai kawai ka zaɓe shi. Amma mai neman abinci da CorelDRAW ko Photoshop, da ɗalibin gine-gine da ba ya rabuwa da AutoCAD, su sani cewa waɗannan ba su da zubin Linux, don haka babbar kwamfutarsu ta ci gaba da zama a kan Windows.