Kwat guda mai kauri ko kaya hawa-hawa: amsa ga mai zuwa bikin Alpe d'Huez

Ƙanwata, kin ce 'yan ajinku a Lyon sun haɗa tafiya zuwa bikin kiɗan Tomorrowland Winter a Alpe d'Huez, wurin zamiya a dusar ƙanƙara a duwatsun Faransa, kuɗin hannunki ba su da yawa, kuma kin rasa na zaɓa: ki zuba su duka a kwat guda mai kauri ki ɗora kan kayanki na kullum, ko ki raba su ki sayi kaya marasa kauri hawa uku irin na masu zamiya a dusar ƙanƙara. Ni dai hawa-hawa zan ce miki. Amma kwat ɗin ma tana da ranarta, don haka bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani.

Sai kin san wurin kafin ki san kayansa. Garin Alpe d'Huez yana kan tudu mai tsayin mita 1,860, kuma daga Bourg-d'Oisans da ke gindin dutsen sai mota ta sha kwanar hanya sau 21 kafin ta iso, hanyar nan da 'yan tseren keken Tour de France ke hawa. Ƙololuwarsa, Pic Blanc, tana mita 3,330. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, wato tsakanin gari da ƙololuwa za a iya samun tazarar kusan digiri 10 a lokaci guda. Bikin kuma tun da aka fara shi a 2019 a watan Maris ake yi. Da rana, in gari ya waye garau, rana takan buga gangaren har mutum ya zuge zif yana neman iska. Da ta faɗi bayan duwatsu sai sanyi ya sauko lokaci guda. Ga shi wasu dandamalin a fili suke kan dutse, wasu a rufe cikin gari, cike da jama'a. A yini ɗaya za ki tsaya a layi cikin iska, ki zauna shiru cikin motar igiya mai hawa dutse, ki shiga cunkoso ana tsalle, ki fito tsakar dare ki taka zuwa masauki. Yanayi huɗu ke nan ga jiki ɗaya.

Kwat mai kauri ta fi ƙarfi a biyu daga cikinsu: tsayuwa da zama. In aikinki kawai ki tsaya gefe ki kalla, ba abin da ya kai doguwar kwat mai sauka har gwiwa. Tana rufe cinya, wadda jaket ɗin zamiya ke bari a waje, ba ta da wahalar sawa, kuma bayan biki za ta yi miki shekaru a titunan Lyon. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗaliba.

Matsalarta ita ce mataki biyu kawai gare ta, a jiki ko a hannu. Kina shiga cunkoso, kafin a gama waƙa uku kin jiƙe da gumi. In kin cire ta, ga kaya niƙi-niƙi a hannu, kuma abin da ke ƙarƙashinta rigar gida ce. In kin bar ta, gumin yana taruwa. A nan hatsarin yake, kuma shi ne abin da mu da muka taso da hunturu ba mu saba lissafawa ba. Sanyin Zinder ko na Kano busasshe ne, maganinsa a ƙara kaya kawai. A kan dutse kuwa jiƙewa ce ke kayar da mutum, domin ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Kin san yadda tulu ke sanyaya ruwa: yana tsattsafowa ta jikinsa, iska ta busa, abin da ke ciki ya yi sanyi. To haka rigar auduga mai gumi take mayar da ke da zarar kin fito waje. Kwat ɗin da ke sama, komai tsadarta, ba ta iya gyara abin da ke manne da fatarki.

Shi ya sa a tsarin hawa-hawa, rigar da ba wanda zai gani ita ce ta fi muhimmanci. Ta farko, mai kama jiki, riga mai dogon hannu da wandonta, aikinta ta kwashe gumi daga fata ta miƙa shi waje. Nan ma zaɓi biyu ne. Akwai ulu na tumakin merino, akwai foliyesta. Ulun yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ki ji shi a jiƙe ba, yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, kuma ba ya saurin wari, za ki iya maimaita shi kwana biyu ko uku. Sai dai ya fi tsada, ya fi jinkirin bushewa, kuma yana saurin hujewa in ba a lallaɓa shi wajen wanki ba. Foliyesta ta fi araha nesa ba kusa ba, ta fi saurin bushewa, amma yini ɗaya ta ɗauki wari. Ga mai ƙaramin aljihu, foliyesta guda biyu sun fi ulu guda ɗaya: ki wanke ɗaya da dare ki shanya kusa da hita, ki sa ɗayar. Abin da ba na so ki yi sassauci a kansa shi ne auduga. Ki juya rigar ki karanta ɗan ƙyallen da ke ciki. In kin ga an rubuta coton, ki ajiye ta ko da mai shago ya rantse miki tana da ɗumi. Har singileti da rigar mama wannan dokar ta shafa.

Hawa na biyu shi ke riƙe ɗumi. Ko suwaitar foliyesta mai laushi da za ki ji ana kira polaire a shago, ko 'yar jaket mai cushe, doudoune. Polaire tana barin gumi ya fita, ita ce abokiyar rawa, amma iska na ratsa ta kamar ba ta nan. Doudoune ta fi ɗumi, kuma tana dunƙulewa ta shige jaka. In za ki saya, ki duba abin da aka cusa mata. Gashin agwagwa ya fi kowane abu ɗumi in aka auna da nauyinsa, amma da ya jiƙe sai ya cure ya zama ba shi da amfani, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Cushen roba ya ɗan fi nauyi, amma yana aiki ko da danshi. A wurin da za a yi gumi, ga dusar Maris mai ruwa-ruwa, ga wanda zai iya tuntsurar da abin sha a kafaɗarki cikin cunkoso, na roba zan ɗauka.

Hawa na uku bango ne kawai, ya tare iska da ruwa. Ki nemi wanda aka rubuta 10,000 mm ko sama (ma'aunin ƙarfin hana ruwa ne), mai hula a haɗe, in da hali mai zif a hammata don fitar da zafi. Kada ki raina iska: digiri 10 ƙasa da sifili, in iska na gudun kilomita 30 a sa'a, fata tana jin sa kamar 20 ƙasa da sifili. Yawancin kwat ɗin gari, musamman ta ulu mai maɓallai, ba a yi ta don wannan ba. Dusa na narkewa a kafaɗarta ta shige, iska kuma na bi ta tsakanin maɓallan.

To kin ga bambancin. Mai kwat tana jiran yanayi ya dace da kayanta, mai hawa uku tana zuge wannan, ta cire wancan ta cusa a jakar goyo, ta mayar kafin ta fito. Ki riƙe wannan: ki rage kaya kafin gumi ya zo, ki ƙara kafin sanyi ya kama ki. In kin bari sai kin fara rawar ɗari, kin makara.

Daga ƙugu zuwa ƙasa, kwat ba ta ma shiga gasar. Wandon jins auduga ne, kina zama kan benci mai dusa sau ɗaya ya jiƙe, kuma ba zai bushe ba har ki koma ɗaki. Wandon zamiya a kan wandon ciki shi ne daidai, yana da wata 'yar roba a ƙafa da ke kama wuyan takalmi ta hana dusa shiga. Na san za ki yi tunanin sutura, don kin ce kina sa hijabi. Ki kwantar da hankalinki, kayan zamiya ba sa kama jiki, wandon buhu-buhu ne, kuma akwai jaket masu sauka har cinya. Doguwar abaya ce ba zan ba ki shawara ba: bakinta yana jan dusa ya jiƙe ya daskare, kuma tana iya harɗe ki a matakala mai santsi ko wajen shiga motar igiya, wadda sau da yawa ba ta tsayawa cak, tafiya take a hankali ana shiga.

Hijabin kansa ya cancanci a tsaya a kai. Na auduga ko na jesi mai auduga yana shan tururin numfashi a haɓa da gumi a ƙeya, bayan sa'a biyu sai ki ji ƙyalle mai sanyi ya naɗe miki wuya. Hular nan mai rufe kai da wuya ta bar fuska, cagoule, ta ulu ko ta foliyesta, tana rufe duk abin da hijabi ke rufewa, kuma a kan dutse rabin jama'a ita suke sawa. Ki ɗora hular sanyi a kanta. Ki bar allura da fil a ɗaki, ƙarfe ne, yana ɗaukar sanyi, kuma da safar hannu ba ki iya gyara shi. In kin yi alwala, ki tsane hannu da fuska da tsakanin yatsun ƙafa sosai kafin ki fita.

Ƙafa ita ce ke fara korar mutum daga biki, domin awoyi za ki yi tsaye kan ƙanƙara. Kambas ba zai yi ba. Takalmi but mai hana ruwa, mai kaurin ƙasa da zane mai zurfi, kuma ya ɗara ƙafarki kaɗan. Mutane da yawa suna sa safa biyu ko uku su matsa ƙafa cikin takalmi, jini ya kasa zagawa, su fi mai safa ɗaya jin sanyi. Safar ulu guda mai kauri, yatsu suna motsi a sake, ta wadatar. Ki sa wata busasshiya a jaka. A hannu kuma, safar da ke haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai yatsu biyar ɗumi, don yatsun suna ɗumama juna. Ki sa siririya a ciki saboda lokacin da za ki ciro waya. Wayar ma ki ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana kashe batir farat ɗaya, kuma wataƙila tikitin komawarki da lambar ƙawayenki duk a ciki suke.

Akwai abin da ba kwat ba hawa-hawa ba wanda ke maganinsa, kuma mu baƙaƙen fata mun fi sakaci da shi. Hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana iya mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa sama, ya bugi ƙasan haɓa da ido. Ido ba ruwansa da launin fata. Yini ɗaya ba tabarau yana iya jawo ciwon da mutum zai kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Ki sayi tabarau mai lambar duhu 3 ko 4, ki shafa man kare rana, ki riƙe man leɓe. Man kaɗanya yana hana kaushi, amma ba ya tare wannan hasken.

Batun kuɗi, wanda shi ne asalin tambayarki. Ki sayi sabo a abin da ke taɓa fata kawai: kayan ciki, safa, cagoule. A shago irin Decathlon waɗannan ba su da tsada. Jaket da wandon zamiya kuwa ki nema aro wajen 'yan ajinku, waɗanda suka taso a yankin da wuya a rasa na ajiya a gidajensu, ko ki duba gwanjo a shafukan intanet na Vinted ko Leboncoin, ko shagon Emmaüs. Kada ki bari sai kin hau dutse, komai a can ya fi tsada. Abin da ya rage ki zuba a takalmi. In kuma kin riga kin mallaki kwat mai kauri, kada ki jefar da ita: ki gyara abin da ke ƙarƙashinta, ki cire auduga, ki sa wandon zamiya, za ta fitar da ke a cikin gari. Dandamalin kan dutse ne ba zan so ki hau da ita ba in ana iska ko dusa na zuba.

Ki kula da kanki, ki kuma kula da na kusa da ke. In yatsa ko kunne ko hanci ya mutu har ba ki jin taɓawa, ki shiga ciki nan take. A fatarmu ba lallai a ga jan da ake faɗa ba, wurin yakan yi toka-toka ne ya yi tauri. Kada ki murza shi, kada ki kanga a hita, ki sa a hammata ko cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi. In kin ga wani yana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, magana na harɗe masa, yana tangaɗi, kada a ɗauka maye ne kawai a bar shi zaune a dusa. Giya tana sa mai shan ta jin ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake, shi ya sa irin waɗannan suka fi faɗawa hatsari. A shigar da shi ciki, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a kira ma'aikatan lafiyar bikin ko lambar gaggawa 112. Ki ci abinci mai nauyi kafin ki fita, ki riƙa shan ruwa ko shayi ko ba ki ji ƙishi ba, don iskar tudu busasshiya ce. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.